Jiri da Suma ga Mai Shan Maganin Zuciya

Maganar da zan yi yau ta shafi duk wanda likita ya ɗora a kan maganin ciwon zuciya ko na hawan jini, da kuma iyalin da ke jinyarsa. Sau da yawa mutum yakan fara shan magani, numfashinsa ya daidaita, kumburin ƙafa ya saɓe, sa'an nan wani sabon abu ya ɓullo. In ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi, idanu su yi duhu, wani ma har ya yanke jiki ya faɗi. Daga nan sai ya ce magani ya fi ƙarfinsa, ya watsar da ƙwayoyin. Wannan kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Da fari sai mu rarrabe abu biyu da akan gama. Ƙarancin jini daban, saukar jini daban. Saukar jini, watau ƙarfin da jini ke gudu da shi cikin jijiyoyi ne ya ragu, ko da jinin yana nan bai gaza ba. Saboda haka maganin ƙarin jini na kwalba ba ya yi mata kome. In an ɗaura maka ma'auni a dantse, lamba biyu akan karanta. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai ga baligi, abin da ya kasa 90 bisa 60 kuwa shi ake kira saukar jini. Amma ba lamba kaɗai likita ke dubawa ba. Akwai masu ciwon zuciya da akan riƙe jininsu ƙasa-ƙasa da gangan, domin a rage wa zuciya wahala, suna kuma harkokinsu lafiya lau.

To, me ke kawo jirin? Duk sa'ad da mutum ya tashi tsaye, jini wajen rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ciki da ƙafafu. Nan take jiki yakan matse jijiyoyi, zuciya ta ƙara sauri, jinin ya komo sama. Magungunan zuciya kuwa wannan gaggawar suke ragewa. Masu sa fitsari, irin su Lasix, suna zuƙe ruwan jiki. Waɗansu suna buɗe jijiyoyi. Waɗansu, kamar atenolol, suna rage saurin bugun zuciya. Sai ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini na 'yan daƙiƙoƙi, mutum ya ga duniya na juyawa.

Abin ya fi aukuwa da asuba, da lokacin tashi fitsari cikin dare, da bayan an cika ciki da abinci, da doguwar tsayuwa cikin rana. Tsofaffi ya fi kamawa. In ka farka, zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, ka motsa ƙafafu, kana ka miƙe kana dafe da wani abu. In ka ji jiri, kada ka yi ta maza. Zauna ko ka kwanta nan inda kake, ko da a tsakiyar kasuwa ne, gama ƙurar riga ta fi karayar ƙugu sauƙin magani.

Zafin bazara, da gudawa, da amai, duk suna ƙarar da ruwan jiki, maganin fitsari kuma ya zo ya daɗa. Wanda gudawa ta kama yana kan irin wannan magani, lalle ne ya tuntuɓi asibiti a ranar, domin akan dakatar da waɗansu ƙwayoyin na ɗan lokaci. Mai niyyar azumi ya ga likita tun kafin watan ya kama, a tsara masa lokutan sha. Kada kuma ka bi shawarar maƙwabci ta lasar gishiri ko ɗirkar ruwa. Ga mai raunin zuciya wannan yana iya tara ruwa a huhu.

Akwai wata magana da kunya ke hana faɗi. Maganin ƙarfin maza irin Viagra, in ya gamu da ƙwayar ciwon ƙirji da akan sa ƙarƙashin harshe, ko 'yan'uwanta na haɗiya, yana iya kayar da jini warwas har ya kai ga rasa rai. Giya ma tana saukar da jini. Kome kake sha, na kemis ko na gargajiya, gaya wa likita.

In wani ya suma a gabanku, ku kwantar da shi rigingine, ku ɗaga ƙafafunsa bisa matashi ko kujera, ku sassauta masa tufafi, jama'a su ja da baya ya sha iska. Kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki, gama yana iya shaƙewa. Yawanci cikin minti ɗaya yakan farfaɗo. In bai farfaɗo ba amma yana numfashi, a juya shi kan gefensa, a nemi mota. Haka nan in suman ta zo tare da ciwon ƙirji, ko haki, ko zuciya na dukan uku-uku, ko ta same shi yana zaune ko yana cikin aikin ƙarfi, wannan ba ta jira ba ce, sai asibiti nan da nan. Mai ciwon zuciya ko sau ɗaya ya suma, ya kamata likita ya sani, kuma kada ya tuƙa mota ko ya hau babur sai an duba shi.

Yanke magani da kanka yana da nasa hatsari. Irin su atenolol in an bar su farat ɗaya, zuciya takan zabura, ciwon ƙirji ya komo da ƙarfi. Likita kuwa yana da dabaru: ya rage yawan ƙwaya, ko ya raba lokutan shanta, ko ya sāke wata. In za ka wurinsa, tafi da dukan magungunanka cikin kwalayensu, ka faɗi lokacin da jirin ke zuwa da abin da kake yi a sa'an nan, ka kuma roƙa a auna jininka kana kwance, a sake aunawa bayan ka miƙe tsaye.