Nama, Wake da Ƙoda: Wa Ya Kamata Ya Ji Tsoro?



Akwai maganar da ke yawo a wayoyi da majalisu, wai yawan cin nama da ƙwai da wake yana kashe ƙoda. Maganar tana da asali. A 1982 wani likitan Amurka, Barry Brenner, ya yi hasashen cewa abinci mai yawan furotin yana sa ƙoda ta riƙa tace jini fiye da kima, har ƙananan matatanta su lalace. Sai dai yawancin hujjarsa daga ɓeraye aka samo ta, waɗanda aka riga aka yanke wa wani sashe na ƙoda.

Da aka duba mutane, sai labari ya sha bamban. A 2003 aka fitar da sakamakon bibiyar mata 1,624 masu aikin jinya a Amurka tsawon shekara 11. Masu lafiyayyar ƙoda, yawan furotin bai taɓa su ba. Waɗanda ƙodarsu ta soma rauni su ne aka ga alamar yana ƙara musu. A 2018 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara gwaji 28 suka tarar da haka nan ga masu lafiya. Yawancin gwaje-gwajen na makonni ne ko watanni, don haka ban ce kowa ya mai da balangu abincin safe da dare ba.

To mu dawo gida Tasawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar kamar giram 0.83 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana neman wajen giram 50. Ku dubi ƙwaryar manomi a bakin Gulbin Kaba cikin watan Agusta: fura ce, wani lokaci babu nono, gaya da ruwa kawai. Waken da ya noma, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, tun kaka aka auna shi a tiya, aka loda a mota ya nufi Najeriya, saboda bashi da hidimar biki. Nama sai ran layya, lokacin da ake baje raguna a jikin itace kewaye da wuta, a ci, a soya sauran a adana. Jiharmu da ta ga yunwar 2005, yaranta suka cika cibiyoyin tamowa, ba ita za a tsorata da ƙosai da ƙuli-ƙuli da fara ba. Ni ina ganin wannan tsoro na masu ƙoshi ne, muka aro shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne: wa ya shaida maka ƙodarka lafiya take? Ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum na iya rasa rabin aikinta yana noma yana zuwa kasuwa, sai ƙafa ta kumbura a ce sammu ne. Manyan masu cinye ta hawan jini ne da ciwon sukari. Sai ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da ake saye a tire a haɗiya kullum bayan aikin gona, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da tsargiyar da yara ke ɗaukowa a tafki. Kilishinmu ma, abin lura a jikinsa gishiri ne da magi ga mai hawan jini. Kuma a zafin Afrilu da Mayu, yawan nama da ƙarancin shan ruwa suna taimaka wa tsakuwar ƙoda.

Wanda aka tabbatar ƙodarsa ta yi rauni, shi ne ake ƙayyade wa furotin, wajen giram 0.8 ga kilo, kada ya wuce 1.3, kuma likita ne zai tsara masa. Tabbatarwar ba wuya: awon jini a hannu, gwajin fitsari don ganin ko furotin na zuba, da gwajin jini na kiriyatinin. Mai hawan jini ko sukari ya yi su ko sau ɗaya a shekara. In ƙoda ta gaza, wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yinsa kowane mako, ga kuɗin mota da na masauki, kuma daga Tasawa zuwa asibitin Lamorde a Yamai, inda ake yinsa, ya haura kilomita 700.