Bayan Tiyata: Koya wa Yaro Mai Lalurar Tsagewar Ƙashin Baya Kula da Kansa



Lalurar da ta tara mu yau, wadda likitoci ke kira sifina bifida, tana samuwa ne cikin kwana 28 na farkon shigar ciki, idan bututun da zai zama laka da ƙwaƙwalwa bai gama rufewa ba. Sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya. Jijiyoyin da ke ƙasa da wurin kan lalace, ƙafafu su yi rauni, fata ta daina jin zafi, fitsari da bayan gida su ƙi riƙuwa, kuma galibin masu nau'in mai tsanani ruwa kan taru musu a kai. Rigakafinta sananne ne, domin binciken da aka wallafa a Birtaniya a 1991 ya nuna folik asid na rage sake aukuwarta da kusan kashi 70 cikin ɗari. Amma maganata a yau kan yaron da ya riga ya zo duniya ne, aka ɗinke masa baya, aka sallamo shi gida. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne, koya masa kula da jikinsa da hannunsa shi ne maganin da ke biyo bayan tiyata, kuma muddin rai ba a gama shi.

Mu fara da ƙoda. Mafitsarar da jijiyoyinta suka lalace ba ta juye fitsari duka, sai ya kwanta, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, matsi ya mayar da shi sama ya cinye ƙoda a hankali. A da, wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan yara. A 1972 likita Jack Lapides na Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa majinyaci na iya zura siririyar roba ya juye mafitsararsa da kansa, da wankakken hannu da tsabtar gida kawai, ba sai a ɗakin tiyata ba. Wannan dabara ta ceci ƙodar mutane masu ɗimbin yawa. Sai dai aiki ne na duk bayan awa uku zuwa huɗu, yau da gobe. Wace uwa ce za ta bi ɗanta firamare da sakandare da jami'a da wurin aiki tana yi masa? Yaron da bai iya da kansa ba, ko dai ya zauna gida kusa da mahaifiyarsa ya rasa karatu, ko ya fita ya tsallake lokaci ya cutar da ƙodarsa. Haka zancen fata. Wanda ba ya jin ƙafarsa ba zai san takalmi ya goge shi ba, ko rairayin tsakar gida ya ƙona shi, ko dogon zama a keke ya fara buɗa masa gyambo. Ido da madubi ne za su maye masa gurbin ji, kuma idon da ba ya rabuwa da shi nasa ne.

Na san abin da iyaye za su ce: yaron nan ya sha wahala, a bar mu mu yi masa gata. Tausayin nan gaskiya ne, kuma ina girmama shi. Amma iyaye na tsufa, 'yan uwa mata na yin aure, ranar da mai yi masa ba ta nan ba a san yadda zai kwana ba. Gatan da ya fi shi ne a fara da wuri, daki-daki. Ɗan shekara uku ya wanke hannu ya miƙo roba, ɗan biyar ya faɗi wane mataki ne ke biye da wanne, kuma da yawa sukan iya yi da kansu wajen shekarun shiga firamare, babba na tsaye yana kallo. Kafin balaga ya kamata ya san sunan magungunansa, ya kuma san cewa ciwon kai da amai da yawan barci na iya nufin robar da aka dasa masa don janye ruwan kansa ta toshe, asibiti za a nufa nan take.

Wani zai ce ai ruwan kai kan taɓa tunaninsu, suna mantuwa. Haka ne, da yawansu bakinsu na da kaifi amma tsara aiki da tuna lokaci na ba su wuya, har a ɗauka lalaci ne. Wannan dalili ne na canza salon koyarwa, a yi da zane a bango da ƙararrawar waya da maimaici. Ba dalili ne na fasawa ba.

Akwai kuma kunya da batun tsarki, waɗanda ba a cika furta su a bainar jama'a ba alhali su ke tsare yaro a ɗaki. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa yoyon fitsarin da ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala. Ya kamata yaron ya ji wannan daga bakin malaminsa na Islamiyya. Ita kuwa yarinyar da ta fara girma, babu abin da ke kare mata sirrin jikinta kamar ta daina buƙatar hannun wani.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne talauci: roba da sabulu da ruwa kuɗi ne, makarantu da yawa ba su da banɗakin da keke zai shiga. Ba na musun wannan. Amma kuɗin roba bai kai na wankin ƙoda ba ko kusa. Kuma dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika. Don haka ina kira ga shugabannin makarantu da ke zauren nan su tanadi banɗaki ɗaya mai faɗi, mai ƙofa da sakata da ruwa, su kuma ba yaron izinin fita aji idan lokacinsa ya yi ba tare da ya yi bayani a gaban 'yan ajinsu ba. Ga asibitocinmu kuwa, a ware ma'aikaciyar jinya da za ta zauna da uwa da ɗanta ta koya musu, a kuma riƙa tambayar yaron kansa a duk zuwan da ya yi, wane mataki ya iya yi shi kaɗai tun bayan zuwan baya.