Ƙayyade Wa'adin 'Yan Majalisar Dokoki ta Jiha

Jawabinmu na yau amsa ce ga wata tambaya da ake yawan yi: shin ɗan majalisar jiha yana da iyakar shekarun da zai yi bisa kujera kamar gwamna?

Ba shi da ita. Tsarin Mulkin 1999 ya hana wanda aka zaɓa gwamna sau biyu ya sake tsayawa, amma ɗan majalisa, muddin mutanen mazaɓarsa na mayar da shi bayan kowace shekara huɗu, yana iya yin furfura a zauren.

A Amurka, inda muka aro fasalin mulkin shugaban ƙasa a 1979, an gwada ƙayyadewar. Jihohin Kalifoniya da Kolorado da Oklahoma suka fara a 1990, kuma yau jihohi 16 cikin 50 suna da irin wannan doka. Kalifoniya ta yanke shekara 6 a ƙaramar majalisa, 8 a babba. Lalle sababbin mutane sun samu shiga. Sai dai wakili yana fara gane kan kasafin kuɗi ke nan lokacin tafiyarsa ya yi, alhali manyan ma'aikatan gwamnati suna nan daram. Majalisar da aka kafa don ta sa wa gwamna ido sai ta koma neman bayani a hannun mutanensa, kuma a ganinmu wannan ba ƙaramar hasara ba ce. A 2012 masu zaɓen Kalifoniya suka gyara dokar, ta zama shekara 12 jimla, ko da a majalisa ɗaya; Mishigan ta yi haka a 2022.

A lura da yadda dokar ta samu a can. A yawancin jihohin nan jama'a ne suka tara sa hannu, aka kai maganar akwatin zaɓe kai tsaye. Mu ba mu da wannan hanya. Sashe na 9 ya ce gyaran Tsarin Mulki sai da kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, sa'an nan da yardar majalisun jihohi 24 cikin 36. Watau su za a roƙa su yanke wa kansu wa'adi!

Abin da ke hannunku, ban da ƙuri'a, shi ne kiranye. Bisa Sashe na 110, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa sun daina amincewa da wakilinsu, Hukumar Zaɓe za ta tantance, ta shirya ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90.