Sankarar Mama a Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi: Me Ke Kawo Makara?



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami mata miliyan 2.3 da sankarar mama, 685,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki, fiye da tara cikin goma na masu cutar sukan wuce shekara biyar da rai. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa asibiti. Likitoci sun kasa cutar mataki huɗu: a na ɗaya da na biyu ana sa ran warkewa, amma matanmu galibi sai a na uku ko na huɗu suke zuwa.

Ku ɗauki mace a ƙauyen Zurmi, ta ji ƙullutu a nononta. Tun da ba ya ciwo, sai ta ɗauka maruru ne, ko daskarewar nonon goyo. Kunya ta hana ta faɗa wa miji, tsoron yanka da gorin kishiya su ƙara rufe mata baki. Daga nan sai mai magani, ko wanzami ya yi sakiya. Kada mu yi gaggawar kiran wannan jahilci, domin mai magani yana kusa, yana kuma karɓar bashi har kaka.

In ta sami iznin fita, saura kuɗi. Awon tsoka da ke tabbatar da cutar aikin babban asibiti ne, watau sai ta bi ta Ƙaura zuwa Gusau. In kuwa gashi da na'ura ake bukata, sai irin su Sakkwato ko Shika. Kuɗin mota, da na masauki, da na mai jinya, duk daga rumbu ko garke za su fito. To, wanda 'yan bindiga suka kore wa shanu, suka hana shi noma, me zai sayar? Har wa yau, a 2021 an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Ciwo kuwa ba ya jiran a buɗe hanya.

Ita Hukumar ta sa ma'auni: a gano kashi 60 cikin ɗari tun a matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60. Ku ma'aikata, kwanakin nan a teburanku suke ƙarewa: takardar tura maras lafiya da ta kwana, ungozomar da ba a horar ba, kuɗin da ba a saki ba. Ku ɗalibai, in kun koma gida, ku gaya wa iyayenku mata da mazansu cewa yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma awo kaɗai ke rarrabewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.