Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Junju: Albasa a tukunyar gida

Zancen yau na albasa ne.

Tun bayan farin 1984 noman rani ya ƙaru a Nijar. A fadamun Dallol Mauri da bakin kogin Isa wajen Gaya, albasa tana cikin abin da ake nomawa. Ta Galmi ta yi suna har Gana da Kodibuwar. Amma sau da yawa manomi yakan saida duk albasarsa a Maris ko Afirilu, lokacin da ta fi araha. Da damina ta faɗi, sai uwargida ta koma kasuwa tana sayen ƙwaya ɗaya da tsada. Wannan hasara ce.

Mine ne amfanin albasa? Tana sa abinci daɗi. Miyar kuka ko ta kuɓewa, in ta ji albasa da daddawa, yaro yakan cinye tuwonsa. Wanda ya tashi daga ciwo shi ma yakan samu marmarin ci. Mai albasa ba ta buƙatar zuba magi da gishiri da yawa, ga shi yawan gishiri yana kawo hawan jini.

Albasa tana da bitamin C, amma dogon dahuwa yana rage shi. Don haka uwargida ta riƙa yanka ɗanya a kwaɗon zogale da dambu da wake. Ta wanke hannu da sabulu, ta wanke albasa da wuƙa da ruwa mai tsabta.

A kula: albasa ba ta maye wake, gujiya, kifi ko nono, su ne ke gina jikin yaro. Kuma ba ta maganin masassara. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita.

Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duk da haka, kusan kashi 9 cikin 10 na jikinta ruwa ne, shi ya sa take ruɓewa. Ga yadda ake ajiyarta:

1. A daina ban ruwa kamar sati 2 kafin a cire ta.
2. A bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe.
3. A jera ta a rudu mai iska, kada ta taɓa ƙasa.
4. A riƙa dubawa, a fidda wadda ta fara lalacewa.
5. Wadda ta ji rauni a yanka ta, a shanya bisa tabarma mai tsabta.

Lawashi ma ba abin zubarwa ba ne. A daka shi, a dunƙula, a shanya ya zama gabu. Gabu yana daɗewa, kuma yana gyara miyar damina.

Maigida ya ware rabon gida kafin ya kai buhu kasuwar Gaya, Kamba ko Malanbil. Wanda ya iya karatu ya karanta wannan ga maƙwabtansa.