Ƙaramin Wardi a Gidan Ma'aikaci



Da yawa daga cikinku nan da 'yan watanni za ku kama aikin gwamnati, a ba ku gida mai tsakar da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ma'aikaci kuwa bai san ranar da takardar canjin wurin aiki za ta same shi ba; in ya dasa mangwaro, wani ne zai sha. Shi ya sa nake kawo muku shawarar ƙaramin wardi, wanda yake rayuwa cikin tukunya. Ran da aka ce ka tashi, sai ka sa shi a mota tare da akwatinka.

Asalinsa wardin ƙasar Sin ne. Wajen 1917 wani hafsan soja mai suna Roulet ya ga irinsa a tagar wani gida a Suwizalan, masu renon fure suka shiga haɗa iri daga gare shi. Ralph Moore na Kalifoniya, wanda ya rasu a 2009, shi kaɗai ya fitar da iri fiye da 300. Tsayin shukar bai cika wuce santimita 60 ba.

Littattafan Turawa suna cewa a ba shi rana awa 6. Wannan daidai ne a can, daidai ne a Jos. Amma a Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara yake wuce digiri 40, ranar azahar ƙone shi take yi. Ka ajiye shi gabas da bango, ya sha hantsi, ya yini a inuwa. Tukunyar ƙasa ta fi gwangwani nesa ba kusa ba, don tana sanyaya saiwa kamar yadda randa take sanyaya ruwa. A huda gindinta, a ɗora ta bisa bulo saboda gara, a cika ta da ƙasa mai yashi da takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji kashe shi yake yi.

Ban ruwa da safe ake yi, a gindi, ban da ruwan wanki, ko da uwargida ta ce asara ne a zubar. Da damina ganyen da ya kwana a jiƙe yakan yi baƙin tabo. A tsinke shi, a ƙone. Da hunturu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo sukan maƙale a ƙarƙashin ganye, maganinsu fesa ruwa daga ƙasa duk bayan kwana biyu. Furen da ya bushe a datse shi, sabo zai fito.

Ba lalle sai ka saya ba. Roƙi maƙwabci reshe mai tsawon santimita 10 da damina, ka cire ganyen ƙasa, ka soka shi cikin yashi mai laima a inuwa. Cikin mako 4 zuwa 6 yakan yi saiwa.