ALƘALI BA BARAN MAI MULKI BA NE

Laccar da akawun jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa a Illela

'Yan'uwa talakawa, da fataken shanu, da masu albasa, da baƙinmu na Ƙwanni, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo.

Maganarmu ta yau a kan alƙalai take. Ku da kuke awo kun fi kowa sani, in mai sikeli yaron mai kaya ne, to, mai saye ya shiga uku. Haka shari'a take.

Iyayenmu sun ga wannan da idonsu. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, En'e ce ke naɗa alƙali, ita ke biyansa, ita ke tuɓe shi. Sa'an nan ita ce kuma ke ba da izinin lacca. Mutum ya yi taro ba izini, 'yan doka su kama shi, a kai shi gaban alƙalin da ke cin albashin wanda ya kawo ƙara. Lauya kuwa ba shi shiga. Sai bulala da ɗauri. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka kai ta gidan yari. Ba mu ce dukan alƙalan azzalumai ba ne, a'a, akwai masu tsoron Allah. Amma wuyansu yana hannun wani. Sai a 1967 aka yi dokar da ta karɓe kotuna daga hannun En'e.

To, an canza riga, an canza hali? Ku dubi abin da ya faru nan Sakkwato. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen gwamna, aka sake, Wamakko ya ci, Dingyaɗi ya koma kotu. A 2010 ana jiran hukunci sai aka tsai da shi daga sama, ba a karanta ba har yau. Shugaban kotun ɗaukaka ƙara, Ayo Salami, ya yi rantsuwa cewa Alƙalin Alƙalai Katsina-Alu ya nemi ya sa baki cikin shari'ar. Katsina-Alu ya musa. Cikin Agusta 2011 Salami aka dakatar. A 2012 majalisar alƙalai ta ce a mai da shi, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, har ya yi ritaya a 2013. Ba ruwanmu da wanda ya kamata ya ci kujerar. Abin da ya dame mu shi ne, kowane ƙaramin alƙali ya ga abin da aka yi wa babba, ya shiga taitayinsa.

Aikin alƙali ya ji mai ƙara, ya ji wanda ake ƙara, ya nemi shaidu, ya yanke bisa doka, ko da hukuncin zai faɗa kan gwamna. Ba mu neman alƙalin jam'iyyarmu. Ran da muka ci zaɓe muka naɗa namu, ku tuna mana da wannan lacca.

Saboda haka muna neman a riƙa ba kotuna kuɗinsu kai tsaye, kada babban joji ya je gidan gwamnati roƙon mota. Ku kuma, wanda aka kai kotu kada ya tafi shi kaɗai, ku raka shi ku cika benci. In an yanke hukunci ku nemi takardarsa, ku kawo ofishinmu da wuri, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, in ya wuce sai an roƙi izinin kotu.